ƘIBA, MOTSA JIKI DA KUƁUCEWAR FITSARI GA MATA: DARASIN DA YA KAMATA YA SHIGA AJI

A ƙasar Gwandu da Kalgo, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da zarar an ambaci yoyon fitsari hankalin kowa wuri guda yake tafiya, wato ga matar da ta sha doguwar naƙuda ta kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare a ƙugu ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya ɓule, daga nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba ƙaƙƙautawa. Wannan lalura sananniya ce, kuma an daɗe ana yaƙi da ita. A Birnin Kebbi akwai cibiyar Gesse inda ake yi wa masu ita aiki, a Katsina akwai asibitin Babbar Ruga inda Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara ɗinke irin wannan ɓula tun cikin shekarun 1980, sannan tun daga 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 23 ga watan Mayu ta kowace shekara domin tunawa da masu fama da ita.

Sai dai girman wannan suna ya rufe wata lalurar da ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Akwai mata masu ɗimbin yawa waɗanda mafitsararsu lafiya lau take, babu ɓula ko kaɗan, amma idan suka yi tari, ko atishawa, ko dariya mai ƙarfi, ko suka yunƙura za su ɗora tulu a ka, sai ɗan fitsari ya kuɓuce musu. Wata ɗigo biyu ne, wata har ya jiƙa zane. Irin wannan mace ba za ta je Gesse ba, domin ta san ba abin da ake magana a kai ke damunta ba. Ba kuma za ta faɗa wa kowa ba, domin tana tsoron a liƙa mata wancan sunan. Sai ta ƙara zane a ciki, ta rage shan ruwa, ta rage zuwa biki da suna, ta ɗauka cewa haka tsufa da haihuwa suka gada. Haƙiƙa wannan shiru shi ne babban ciwon, domin kuwa lalurar tana daga cikin 'yan kaɗan da ake iya rage su ƙwarai ba tare da allura ko wuƙar likita ba, kuma abubuwa biyu da suka fi tasiri a kanta, nauyin jiki da ƙarfin tsoka, darussa ne da ke cikin littafin nazarin halittu na kowace makarantar sakandare.

Game da yawanta, a tsakanin 1995 da 1997 masu bincike a ƙasar Norway sun tambayi mata kusan 28,000 na wani lardi guda, sai suka tarar ɗaya cikin kowaɗanne huɗu tana samun kuɓucewar fitsari, kuma kimanin rabinsu irin na tari da atishawa ne. Ƙasa ce mai asibitoci da ungozomomi ƙwararru, inda mace ba ta cika haihuwa fiye da biyu ko uku ba. A nan kuwa, binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma, wadda Jihar Kebbi ke ciki, matsakaicin haihuwar mace guda ya haura shida. Mai karatu na iya auna wa kansa abin da hakan ke nufi ga tsokar da kowane ciki yake ratsawa.

Salka da ragaya

Domin a fahimci inda ƙiba ta shigo, wajibi ne a san yadda Allah ya tsara wurin. Ƙoda biyu suna tace jini ba hutu, suna fitar da lita ɗaya zuwa biyu na fitsari a yini, wanda ke gangarowa zuwa mafitsara. Ita mafitsara tamkar salka ce ta tsoka, tana buɗewa a hankali har ta ɗauki kimanin rabin lita. Daga ƙasanta bututun fitsari ya fita, kuma a nan ne bambanci na farko yake tsakanin jinsi biyu: na namiji ya kai santimita 20, na mace kuwa bai wuce santimita 4 ba. Gajeren bututu ne, yana da zoben tsoka da ke tsuke shi kamar yadda ake ɗaure bakin salka.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai shimfiɗar tsoka da ta tashi daga ƙashin mara ta gaba ta kai ga ƙashin gindi ta baya. Ita ce ake kira tsokokin ƙasan ƙugu. Wanda ya taɓa ganin ragaya a ɗakin tsohuwa, an rataye ta tana riƙe da ƙwaryar nono, ya ga misalinta, sai dai wannan ragayar tana riƙe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji ne gaba ɗaya, kuma ba a sauke mata kaya ko na yini guda. A 1994 wani masanin tsarin jikin mata a Jami'ar Michigan ta Amurka, John DeLancey, ya bayyana aikinta da misalin tiyo. Manomin rani a fadama zai gane misalin nan take: idan tiyon ban ruwa yana kwance a kan ƙasa mai tauri aka taka shi, ruwa zai tsaya, idan kuwa a cikin taɓo yake, taka shi ba ya hana ruwa wucewa, nutsewa kawai zai yi. Haka bututun fitsari yake. Lokacin tari, matsin da ke cikin ciki yakan tashi farat ɗaya har ya wuce nauyin ruwa mai zurfin santimita 100. Idan shimfiɗar da ke ƙasa tana da ƙarfi, wannan matsin da kansa zai danne bututun ya rufe shi. Idan ta saki, sai bututun ya zame ƙasa, matsin ya rinjayi zoben, fitsari ya fita.

Akwai wani nau'i na biyu da ya kamata a bambance, wato na matsuwar gaggawa, inda tsokar mafitsara ke murɗawa da kanta ba tare da izini ba, mace ta ji fitsari ya taho mata kwatsam, kafin ta ɗauki buta ta kai bayan gida ya riga ya zubo. Wasu matan, musamman manya, suna haɗa biyun.

Abin da ma'auni ya nuna

Likitoci suna auna ƙiba da wani lissafi mai sauƙi wanda ɗalibin aji uku zai iya yi a bayan littafinsa. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa da mita wanda aka ninka da kansa. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, idan aka raba 80 da 2.56 za a sami 31 da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce ta sosai. Ma'aunin yana da nasa rauni, tunda bai san bambancin kitse da tsoka ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba, alhali ga mafitsara kitsen tumbi da mara ne ya fi illa, ba na cinya ba. Duk da haka ya isa a fara da shi.

Dalilin illar a fili yake. Kitsen da ke cikin ciki nauyi ne da ke zaune a kan mafitsara da ragayar da ke ƙarƙashinta, a tsaye ko a zaune, shekara da shekaru. Ciki na haihuwa wata tara yake yi ya sauka, teɓa kuwa ba ta da ranar sauka. Matsin ciki na mai ƙiba ya riga ya ɗaga tun kafin ta yi tari, saboda haka ƙaramin tari ya isa ya ƙarasa abin da ya rage. Bugu da ƙari, ƙiba ita ce babbar ƙofar ciwon suga, shi kuma ciwon suga yana ƙara yawan fitsari, yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin mafitsara da ƙwaƙwalwa. Da masana suka tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a 2009, sun ga cewa duk ƙarin maki 5 a wancan ma'auni yana tafe da ƙarin haɗarin kuɓucewar fitsari da kashi 20 zuwa 70 cikin ɗari.

To amma ganin abubuwa biyu tare ba hujja ba ce cewa ɗaya ya haifi ɗaya, kuma wannan ƙa'ida ce da ya kamata ɗalibin kimiyya ya riƙe da kyau. Hujja tana samuwa ne idan an cire abin da ake tuhuma aka ga sauyi. Hakan aka yi a wani gwaji da Dokta Leslee Subak da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2009. An tara mata 338 masu nauyi fiye da kima, kowace tana samun kuɓucewa aƙalla sau 10 a mako, aka raba su gida biyu da ƙuri'a. Gida na farko aka sa su cikin shirin gyaran abinci da tafiyar ƙasa na wata shida, na biyu aka yi musu 'yan laccoci kawai. Bayan wata shida matan gida na farko sun rage kashi 8 cikin ɗari na nauyinsu, wato kusan kilo 8, kuma yawan kuɓucewarsu ya ragu da kashi 47 cikin ɗari. Na gida na biyu, waɗanda nauyinsu bai motsa sosai ba, nasu ya ragu da kashi 28.

Abubuwa uku ne abin lura a waɗannan alƙaluma. Na farko, ba sai mace ta koma siririya ba. Matar can mai kilo 80, kashi 8 na nauyinta kilo 6 ne da ɗan ɗori. Za ta sauko 73 ko 74, har yanzu ma'auni zai ce nauyinta ya yi yawa, amma mafitsararta ta riga ta sami sauƙi. Na biyu, su ma na gida na biyu sun amfana, kuma ya kamata a san cewa duka gidajen an ba su ɗan littafi mai koyar da dabarun riƙe fitsari. Na uku, da aka ci gaba da bibiyarsu har wata 18, wasu sun mayar da wani ɓangare na nauyin, tazarar da ke tsakanin gidajen biyu ta ragu. Ke nan amfanin yana tare da ɗorewa. Ba magani ba ne da ake sha na mako guda a ajiye kwalba.

A nan ne maganar ta ci karo da al'ada. A wurin jama'a da yawa ƙiba shaida ce ta hutu da kulawar miji. Amarya idan ta murmure a ce gidan ya karɓe ta, idan ta rame a fara tambayar abin da ake yi mata. Wannan fahimta tana da tushe, domin a zamanin da abinci ke ƙaranci a ƙarshen bazara kuma aikin ƙarfi ya cika yini, mai ɗan jiki ita ce mai lafiya. Amma zamanin ya juya. Dakan gero da surfe da niƙa a dutse sun koma hannun inji, ruwa ya zo kusa ko mai kura ya kawo shi har ƙofa, tafiyar da a dā ake yi a ƙasa yanzu kabu-kabu ke yin ta, sannan shinkafa da taliya da soye-soye da lemon kwalba sun shiga gidajen da fura da tuwon dawa kaɗai suka sani. Babu mai hankalin da zai yi fatan mata su koma wahalar dā, amma jiki bai san an sami ci gaba ba. Abin da ya shiga bai ƙone ba, ajiye shi yake yi. Binciken nan na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane.

Mafi muni shi ne ƙibar da ake saya da kuɗi. Ƙwayoyin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe galibi deksametason ne, ko siproheptadin mai buɗe ciki, ko haɗinsu. Deksametason magani ne mai daraja a hannun likita, ana ba da shi don asma da kumburi da wasu cututtuka masu tsanani. Idan aka daɗe ana shansa ba bisa ƙa'ida ba yana tara kitse a fuska da ƙeya da tumbi, yana zaizaye tsoka, yana ɗaga sukarin jini, yana rage ƙarfin ƙashi. Wato daidai abubuwan da ragaya ba ta so su ne yake haɗa mata: ƙarin kaya a sama, raunin igiya a ƙasa. Wadda ta riga ta daɗe a kansa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin yin hakan na da haɗari. Likita ne zai rage mata shi sannu a hankali.

Sai dai adalci ya wajaba. Wannan binciken dai ya nuna kashi 12 cikin ɗari na matan ƙasar ramammu ne ƙasa da kima, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da Gwandu da Kalgo ba wuya a ga matar da ta haifi takwas, ba ta da kitse ko na ƙwabo, amma fitsari na kuɓuce mata. Ita tata ragayar haihuwa kusa da kusa ce ta sassauta ta, da komawa aikin ƙarfi tun jiki bai haɗe ba, da ɗaukar itace da buhun shinkafa, da tarin da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu ke jawowa, da yunƙurin bayan gida mai tauri, sannan raguwar sinadarin istrojin bayan ɗaukewar al'ada ta zo ta ƙarasa. A ce wa irin wannan mace ta rage nauyi rashin sani ne, kuma zalunci ne. Abin da take buƙata yana cikin kashi na biyu na maganar.

Ba kowane motsi ba ne ɗaya

Kalmar motsa jiki ta haɗa abubuwa uku da tasirinsu ya sha bamban. Akwai motsi matsakaici, irin su tafiya da sauri, shara, aikin lambu. Wannan alheri ne tsantsa. Wani dogon bincike da aka yi shekaru ana bibiyar dubban ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan tafiyar ƙasa sun fi ƙarancin kamuwa da kuɓucewar fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na irin wannan motsi a mako, wato rabin awa sau biyar. Matar da ke cikin kulle ma ba ta rasa hanya ba, tsakar gida ta isa idan an ɗauki abin da gaske, kuma maigidan da ke sayo maganin hawan jini duk wata ya fi kowa dalilin ƙarfafa mata gwiwa.

Akwai kuma motsi mai dira, kamar tsalle da guje-guje masu tsanani, kuma a nan sakamakon yana ba da mamaki. A 1994 Dokta Ingrid Nygaard ta tambayi 'yan wasa mata 144 na wata jami'a a Amurka, dukkansu matasa da ba su taɓa haihuwa ba, sai kashi 28 cikin ɗari suka ce fitsari ya taɓa kuɓuce musu a filin wasa. Cikin masu wasan alkafura da ƙwallon kwando kusan biyu cikin uku ne, cikin masu ninkaya ɗaya cikin goma, cikin masu wasan golf babu ko ɗaya. A Suwidin, a 2002, an sami kashi 80 cikin ɗari tsakanin 'yan mata ƙwararru masu tsalle a kan shimfiɗa mai sifirin. Waɗannan ba masu ƙiba ba ne, ba kuma raunana ba. Matsin dirar ne ya fi ƙarfin rufin a wannan daƙiƙar.

Wannan magana ta malamin wasanni ce kai tsaye. Idan ɗaliba ta fara zille wa tsallen igiya ko tseren gidaje ba tare da dalili bayyananne ba, ko kullum ita ce mai ciwon kai ranar wasanni, ba lallai ne lalaci ba. Kuma idan abin ya faru a idon jama'a, ba alamar jinnu ba ce, ba alamar lalacewar tarbiyya ba ce, kamar yadda wasu bakuna ke saurin yankewa. Dariya guda ta 'yan aji na iya raba yarinya da filin wasa har abada, daga nan nauyi ya fara taruwa, nauyin kuma ya ƙara lalurar da ta kore ta tun farko. Haka zancen yake ga manya: kuɓucewa na hana motsi, rashin motsi na kawo ƙiba, ƙiba na ƙara kuɓucewa.

Na uku shi ne atisayen ita ragayar kanta. Tsoka ce irin ta damtse, mai bin umarni, kuma duk tsokar da ke bin umarni tana ƙarfafa da aiki. Likitan mata Arnold Kegel na birnin Los Angeles ne ya yaɗa wannan atisaye a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 2018, ta tarar cikin mata masu kuɓucewar tari da atishawa, kashi 56 cikin ɗari na waɗanda suka yi atisayen sun ce sun warke, alhali cikin waɗanda ba su yi ba kashi 6 ne kacal. Da a ce ƙwaya ce ke da wannan sakamako da an ga tallarta a kowace kasuwa, daga ta Kalgo har ta Jega. Da yake ba a sayar da shi, babu mai tallarsa.

Yadda ake yin sa shi ne mace ta tsuke kamar mai hana iska fita ta baya da fitsari ta gaba a lokaci guda, ta ji wurin ya ɗaga zuwa ciki, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi tana numfashi yadda ta saba, sannan ta saki gaba ɗaya ta huta daidai wannan tsawon. Ba a matse cinya ko ɗuwawu, ba a riƙe numfashi. A hankali ake ƙara tsawon riƙon har ya kai daƙiƙa 10. Ƙa'idar da hukumar tsara magani ta Ingila ta shimfiɗa ita ce aƙalla tsukewa 8, sau 3 a yini, har tsawon wata 3 kafin a yanke hukunci ko ya yi amfani. Ana iya yin sa a kwance, a zaune ana tsintar shinkafa, ko a tsaye a bakin murhu, ba wanda zai sani. Kada a mai da tsayar da fitsari a tsakiyar yin sa ya zama atisaye, domin yana hana mafitsara juyewa sarai. Akwai kuma wata 'yar dabara da masu bincike na Michigan suka gwada a 1998, wato a tsuke tsokar daidai kafin tari ko atishawa ko ɗaga kaya. Da yawa sun ga ragi cikin mako guda.

Amma akwai tarko. A wani gwaji na 1991, bayan an yi wa mata bayani da baki kawai, kimanin rabinsu ne suka tsuke daidai, kusan ɗaya cikin huɗu kuwa yunƙuri suka yi zuwa ƙasa, akasin abin da ake so. Saboda haka karanta wannan shafi bai wadatar ba. Ana buƙatar ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ko likitar gashin ƙashi da tsoka ta tabbatar an kama daidai. Wurin da ya fi dacewa da wannan shi ne layin awon ciki, inda mata ke zaman jira na sa'o'i, domin gwaje-gwaje sun nuna cewa fara atisayen tun ana da ciki yana rage kuɓucewa a ƙarshen ciki da watannin farko na jego. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce maganar akwai nauyi a baki, ba ta dace da aji ba. Wannan uzuri ba shi da ƙarfi a ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Malaman fiƙihun Malikiyya sun san lalurar da sunan salasul baul, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Gwandu, ta yi bayanin alwalar mai fama da ita. Abin da malamin zaure ke fassara wa almajirai ba tare da sunkuyar da kai ba, babu dalilin da zai sa malamin nazarin halittu ya tsallake shi idan ya zo babin fitar da ƙazanta daga jiki. Hasali ma mata da yawa abin da ya fi damunsu a lalurar shi ne tsarki da salla, kuma sun cancanci su san cewa ban da sauƙin da shari'a ta yi musu, akwai magani. Tsarin isar da ilimi daga mace zuwa mace ma ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, tun da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajisai suna ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka. Ɗalibar sakandare ta yau tana iya zama jajin gidansu: ita ke da littafi, ita kuma inna da goggo za su iya buɗe wa ciki fiye da likita namiji.

Su ma jami'o'i da aiki a gabansu. Alƙaluman da aka kawo a sama na matan Norway ne da Amurka da Suwidin, masu abinci daban da aiki daban da yawan haihuwa daban. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a Kalgo yake, kuma babban asibitin jiha yana nan a garin. Sikeli da tef na awo da takardar tambayoyi da aka rubuta da Hausar da tsohuwa za ta gane sun isa a ƙidaya matan Gwandu da Kalgo, a ga nawa ne ƙiba ke danne wa, nawa ne haihuwa da dakon kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne ƙaurace wa ruwan sha. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, kuma jikin da bai sami ruwa ba yana fitar da fitsari mai kauri wanda ke tsokanar mafitsara, ga taurin bayan gida da ke biyo baya. Abin da ya kamata a rage shi ne goro da shayi mai ƙarfi da lemon kwalba mai baƙin ruwa, saboda sinadarin kafin da ke cikinsu yana zaburar da mafitsara, musamman ga mai matsuwar gaggawa.

Akwai kuma alamomin da ba na atisaye ko sikeli ba ne, na asibiti ne ba tare da jinkiri ba: fitsari mai zafi ko mai jini ko wanda ya zo da zazzaɓi, ƙishirwa mai tsanani da yawan tashi fitsari da dare, wanda ke buƙatar gwajin suga, jin wani abu na saukowa ta gaba kamar ƙwallo, da zubar fitsari ba tsayawa, a kwance ko a tsaye, wadda ta fara cikin kwanakin da suka biyo bayan haihuwa mai wuya. Wannan ta ƙarshe ita ce yoyon fitsari na ainihi, kuma idan aka kai mace da wuri, wani lokaci robar fitsari da za a sa mata ta 'yan makonni takan isa ƙaramar ɓula ta haɗe da kanta ba sai an yi aiki ba.